Ƙyalle Ba Shara Ba Ne: Ɗinkin 'Yar Tsana da Kayan Ado

Idan kuka shiga shagon tela da yamma, ko a Kano ne, ko Aba, ko Legas, ku dubi ƙarƙashin teburin da yake yanka yadi. Za ku ga guntayen atamfa da shadda da leshi sun taru. Kowane guntun yadi irin wannan sunansa ƙyalle, jam'insa kuma ƙyallaye. Ƙyalle sabo ne, ragowar yanka ne. Wanda ya tsufa ya yage shi ake kira tsumma. Turmin atamfa yadi shida ne, kuma da wuya a ɗinka shi ba a bar ragowa ba, domin ana yanka yadi ne bisa siffar jikin mutum, akwai wuya, akwai hammata, akwai kafaɗa.

Ina ƙyallayen nan suke zuwa? Da yawa daga cikinsu bola ake kai su. Wasu iska ta kwashe su ta zuba a kwata, su haɗu da leda su toshe hanyar ruwa, damina ta zo ruwa ya shiga gidaje. Wasu kuma a ƙone su, alhali yadin da aka yi da zaren roba hayaƙinsa yana cutar da numfashi. A wannan darasi za ku ga yadda allura da zare suke mai da wannan shara ta zama abin wasa, ta zama ado, har ta zama kuɗi. Hausawa na cewa ba a raina allura, ƙarfe ce.

Sana'a mai tarihi

Haɗa guntayen yadi ba sabon abu ba ne a Afirka. A ƙasar Hausa akwai lifidi, wato rigar yaƙi mai kauri da ake sa wa doki da mahayinsa. Ana ɗinka yadi ninki biyu, a cusa auduga a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri guda. Sau da yawa ana ƙawata shi da guntayen yadi masu launi daban-daban. Aikinsa a da shi ne tare kibiya, amma yanzu a hawan salla ake ganin 'yan lifida. A Sudan, mabiya Mahadi, wanda ya bayyana kiransa a 1881, sun riƙa sa jibba mai maho, wato faci, don nuna ba su damu da ƙawar duniya ba. Daga baya mahon ya koma ado, ana yanka shi daidai, a jera shi cikin tsari. A birnin Abomey na Jamhuriyar Benin kuwa, maɗinkan fada sukan yanka siffofi daga yadi mai launi su ɗinka a kan wani yadin, kowane sarki da alamarsa: Sarki Gezo ɓauna, Sarki Glele zaki.

Ita ma 'yar tsana tsohuwar abokiyar yara ce. 'Yan mata a ƙasar Hausa sukan yi ta da karan dawa ko da tsumma, su ɗaura mata zani, su goya ta, har su shirya mata biki. Yarbawa ma suna da tasu ta itace, wadda suke kira omolangidi. Ta wurin wannan wasa yarinya take fara koyon goyo da ɗaurin zani da riƙe allura.

Kayan aiki

Ba kwa bukatar keken ɗinki. Abin da za ku tanada shi ne allura, da zare, da almakashi mai kaifi, da alli, da kwali, da abin awo, sai ƙyallayen kansu. Don cika cikin 'yar tsana ku nemi auduga, ko audugar rimi irin wadda ake cika matashi da ita, ko kuwa ƙananan ƙyallayen da ba su isa komai ba, ku yayyanka su ƙanana sosai. Audugar rimi ba ta da nauyi, amma tana saurin kama wuta, don haka ku nisanta ta daga kyandir da murhu.

Ku je wurin tela ku gaishe shi da ladabi, ku roƙi ƙyallaye. Kada ku ɗauka ba da izini ba, domin wani ƙyallen na mai kaya ne, za a mayar masa. Idan kun samu, ku wanke su, ku shanya, ku yi musu guga. Dalilin wankin biyu ne. Yadin auduga yakan tsuke a wankin farko, kuma wani yadin yana zuba. Idan kuka haɗa jan ƙyalle mai zuba da fari ba ku wanke ba, ranar da aka wanke abin da kuka ɗinka farin zai rine. Bayan guga sai ku ware su: masu kauri gefe guda, marasa kauri gefe guda. Idan aka haɗa mai kauri da maras kauri, wajen ɗinkin yakan tattare, kuma maras kaurin ya riga yagewa.

Ɗinki iri biyu

Akwai ɗinki iri biyu da za ku fara koya. Na farko shi ne wanda allura take shiga tana fita, tana tafiya gaba, tana barin ɗan fili tsakanin taku da taku. Yana da sauri, kuma idan aka ja zaren yadin yakan tattaru. Na biyu shi ne wanda allura take komawa baya ta shiga inda takun da ya wuce ya ƙare, sannan ta fito a gaba. Wannan ba ya barin fili, ya fi ƙarfi, shi ya dace da duk abin da za a cusa wa auduga. Ku yanke zare kamar tsawon hannunku kawai, domin zare mai tsawo da yawa yana harɗewa.

Yadda ake ɗinka 'yar tsana

Da farko ku zana siffarta a kan kwali: kai, da jiki, da hannuwa biyu, da ƙafafu biyu, tsawonta kamar santimita 25. Ku yi hannuwa da wuya da ɗan fadi, domin siriri yana da wuyar juyawa. Ku yanke kwalin. Sai ku ɗauki ƙyalle mai launi ɗaya ku ninka shi biyu, fuskar mai kyau tana ciki. Ku ɗora kwalin a kai ku bi gefensa da alli. Wajen yanka kada ku bi kan layin allin, ku bar santimita 1 a wajensa. Wannan ragowar ita ce take riƙe ɗinki don kada bakin yadi ya zare.

Yanzu ku bi layin allin da ɗinki na biyu, amma ku bar ƙofa kamar santimita 5 a gefen ciki. Idan kun gama, ku ɗan tsaga ragowar yadin da bakin almakashi a wuya da hammata da tsakanin ƙafafu, ba tare da kun taɓa zaren ba. In ba a yi haka ba, waɗannan wurare za su tattare bayan an juya. Sai ku juya yadin ta ƙofar nan, fuskar mai kyau ta dawo waje, ku tura hannuwa da ƙafafu da gindin fensir.

Ku cusa auduga kaɗan-kaɗan, ku fara da ƙafafu da hannuwa, sannan kai, daga ƙarshe ciki. Ku cika wuya sosai don kada kan ya langaɓe. Bayan nan ku lanƙwasa bakin ƙofar ciki ku ɗinke ta da ƙananan taku. Idanu da baki ku yi su da baƙin zare da ja, gashi kuma da baƙin zare mai kauri, kuna iya yi mata kitso. Saura tufafi: guntun atamfa ya zama zani, wani ya zama riga, ɗan ƙarami ya zama ɗankwali. Idan ɗan yaron da bai kai shekara uku ba za ku ba, kada ku sa mata maɓalli ko dutsen ado, domin yana iya cirewa ya haɗiye ya shaƙe. Kuma kafin ku miƙa ta, ku tabbata ba ku bar allura a jikinta ba.

Kayan adon ɗaki

Fure shi ne mafi sauƙi. Ku kifa kofi a kan ƙyalle ku zana da'ira mai faɗin kamar santimita 10, ku yanke. Ku ɗan lanƙwasa bakin, ku kewaye shi da ɗinki na farko, sannan ku ja zaren. Yadin zai tattaru ya zama fure mai kusan rabin faɗin da'irar. Irin waɗannan furanni ana manna su a jikin jaka ko labule, ana kuma haɗa da yawa su zama shimfiɗar tebur.

Rigar matashi kuwa tana bukatar lissafi. Ku yanka ƙyallaye 16 masu kusurwa huɗu, kowanne santimita 12 tsawo da faɗi. Ɗinki zai cinye santimita 1 a kowane gefe, saura 10. Ku haɗa huɗu-huɗu su ba da layi huɗu, sannan ku haɗa layukan. Idan kun ɗinka masa baya, za ku sami rigar matashi mai santimita 40 a kowane gefe. Kafin ku fara ɗinki ku jera su a ƙasa, mai duhu kusa da mai haske, ku ja da baya ku duba. Idan ƙyalle ɗaya ya fi sauran girma, kusurwoyi ba za su haɗu ba, shi ya sa ake auna kowanne da kwali guda.

Dogayen ƙyallaye marasa faɗi su ma suna da amfani. Ku yanka su tsawo ɗaya, ku riƙa cusa su cikin saƙar tsohon buhu kuna ɗaurewa, kusa da kusa, har buhun ya rufe. Kun sami abin goge ƙafa na bakin ƙofa.

Daga wasa zuwa sana'a

'Yar tsanarku ta farko mai yiwuwa hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Kada wannan ya karya muku gwiwa, ta biyu za ta fi ta kyau. Ba kuma aikin mata kaɗai ba ne, domin a ƙasar Hausa maza ne suka fi yawa cikin masu ɗinkin babbar riga. Idan hannunku ya faɗa har kuka fara sayarwa, ku rubuta kuɗin zare da auduga, ku ƙara ladan lokacin da kuka ɓata, kafin ku yanke farashi. Mai mantawa da lokacinsa yana aiki ne a banza. Ribar kowace 'yar tsana ba ta da yawa, amma da yayyafi kogi kan cika, tana iya saya muku littafi da biro.

Aiki

1. Mene ne bambancin ƙyalle da tsumma?
2. Don me ake wanke ƙyallaye kafin a ɗinka su?
3. Ƙyallaye nawa masu santimita 12 ake bukata don fuskar matashi mai santimita 50 a kowane gefe?
4. Ku ɗinka fure ɗaya a gida, ku kawo aji, ku bayyana da Hausa yadda kuka yi shi.