Yadda ake gane ruwa ya shiga baƙin man babur, da matakin da ya kamata a ɗauka

Duk shekara idan damina ta kankama, musamman a watan Agusta da ruwa ya fi sauka a Arewacin Najeriya, wuraren gyaran babura kan cika da mashinan da suka mutu a tsakiyar ruwa. Magudanai sun toshe, titi ya koma kogi, ɗan kasuwa na saurin zuwa buɗe shago, ma'aikaci na gudun makara, sai a kutsa cikin ruwan da ba a san zurfinsa ba.

Wanda babur ɗinsa ya mutu nan take ya san yana da matsala. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne wanda ya haye lafiya, injin bai ko yi tari ba, ya ɗauka ya tsira, alhali ruwa ya riga ya gauraya da baƙin mai. Bayan 'yan makonni injin zai fara ƙara, daga nan ya buga. Gyaran da litar mai biyu ko uku za ta wadatar sai ya koma sauke inji da sayen fistin da zobba da boris.

Illar ruwa a cikin inji

Aikin baƙin mai shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ya hana su gogar juna, ya kuma kwashe zafi da datti. Idan ruwa ya shiga, motsin injin kan kaɗa su tare har su zama wani abu mai kumfa wanda ba ya iya riƙe nauyi. Daga nan ƙarafa su fara cin juna. Idan kuma aka ajiye babur ɗin, ruwan ya kwanta a kan boris da karanshaf, tsatsa ta kama su cikin 'yan kwanaki.

Lamarin ya fi tsanani a babur fiye da mota saboda dalilai biyu. Na farko, yawancin baburan da ake hawa a nan, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue da TVS, man da suke ɗauka bai wuce kimanin lita ɗaya ba, don haka ruwa kaɗan ya isa ya lalata shi. Na biyu, man nan guda shi ke yi wa inji da giya da kuloci hidima gaba ɗaya. Ke nan idan ya gurɓace, sassa uku ne ke cikin haɗari a lokaci guda.

Ta ina ruwan ke shiga?

Hanya ta farko ita ce ta iska. Inji yana shaƙar iska ta akwatin matatar iska, wadda makanikai ke kira iyakilina, zuwa kabureta. Idan ruwa ya kai bakin wannan akwati, injin zai zuƙe shi kamar yadda yake zuƙar iska. Akwai kuma siririn tiyo da cikin injin ke numfashi ta cikinsa. Idan inji mai zafi ya shiga ruwa mai sanyi, iskar cikinsa kan tsuke, sai ya jawo ruwa ta wannan tiyon. Haka nan idan babur ya mutu salansa na cikin ruwa, ruwan kan biyo ta baya.

Hanya ta biyu ita ce wurin wanki. Ruwa mai ƙarfi da ake fesawa da injin wanki yana iya kutsawa ta murfin mai da robarsa ta saki, ko ta akwatin iska, ko ta bakin salansa.

Hanya ta uku daga cikin injin kansa take. Duk litar fetur ɗaya da ta ƙone tana samar da kimanin litar ruwa ɗaya a matsayin tururi. Mafi yawansa yana fita ta salansa, amma kaɗan yakan silale ta gefen zobban fistin zuwa wurin mai. Idan injin ya yi zafi sosai, ruwan kan ƙafe da kansa. Amma ma'aikacin da tafiyarsa daga gida zuwa ofis ba ta wuce minti biyar ba, musamman da sanyin hunturu, injinsa ba ya kaiwa ga wannan zafin, sai gumin ya riƙa taruwa.

Hanya ta huɗu ta shafi manyan babura masu lagireto ne kawai. A cikinsu ruwan sanyaya inji kan shiga mai idan gaskit ɗin kan silinda ya ƙone, ko robar famfon ruwa ta lalace. Ƙananan baburan da iska ke sanyaya su ba su da wannan matsalar, don haka duk ruwan da aka gani a man su daga waje ya fito, ko kuma gumi ne.

Gwaje-gwaje huɗu da kowa zai iya yi

Na farko, gwajin ido. A kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai daidai, a zaro gejin mai a duba shi da hasken rana. Sabon mai launin zuma gare shi, tsoho kuwa baƙi ne, kuma dukansu ba abin damuwa ba ne a wannan fuska. Man da ruwa ya shiga yakan koma kamar shayi mai madara, ko kunun gyaɗa, wani lokaci da ƙananan kumfa. A kuma lura da tsayinsa a jikin gejin. Mai ba ya haihuwa. Idan ya haura layin sama ba tare da an ƙara ba, to wani abu ya shiga. Idan ya tsinke kuma yana warin fetur, kabureta ce ke zuba. Idan ya yi fari ya yi kauri, ruwa ne.

Na biyu, gwajin kwana. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka idan babur ya kwana ba a tayar ba, ruwan da bai gama gauraya ba kan koma ƙasa. Da safe a sassauta ƙusar juye a hankali, a tari abin da ya fara fitowa a cikin kwalba mai garau. Idan akwai ruwa, shi zai fara ɗigowa kafin mai. A ajiye kwalbar na wasu sa'o'i, za a ga ruwan ya kwanta a ƙasa, mai yana sama.

Na uku, gwajin wuta. Wannan shi ne mafi kaifi, domin yana tona ruwan da ido ba ya gani, kuma masu gwajin mai a masana'antu suna amfani da irinsa a kan faranti mai zafin kimanin digiri 160. Ruwa yana tafasa a digiri 100, mai kuwa yana jure abin da ya fi haka nesa ba kusa ba. A ɗumama cokalin ƙarfe ko murfin gwangwani, a ɗiga masa mai ɗigo ɗaya ko biyu. Mai tsabta zai baje shiru, ya ɗan yi hayaƙi. Mai ruwa kuwa zai yi ta fashewa yana tartsatsi, kamar yadda man suyar ƙosai ke yi idan ruwa ya faɗa ciki. A yi wannan gwaji nesa da babur da fetur, kuma a kawar da fuska.

Na huɗu, duba akwatin iska. A buɗe shi a taɓa soson ciki. Idan ya jiƙe, ko akwai ruwa da laka kwance a ƙasan akwatin, to ruwa ya bi ta nan. Ga mai babur mai lagireto kuma, ya lura ko ruwan lagireton na raguwa ba tare da an ga yoyo a ƙasa ba, ko salansa na fitar da farin hayaƙi mai yawa bayan injin ya yi zafi.

Gumi ne ko ruwa?

Ba duk farin abu ne ke nufin inji ya lalace ba, kuma sanin bambancin zai hana a sauke wa mutum inji a banza. Idan farin maiƙon a ƙarƙashin murfin mai kawai yake, amma man da ke jikin geji yana nan da launinsa, mafi yawa gumi ne. A yi tafiya mai ɗan nisa ta kimanin rabin sa'a, a goge murfin, a sake dubawa washegari. Idan kuwa man gaba ɗaya ya sauya launi, babu batun gwaji da tafiya. A kashe babur.

Idan babur ya mutu a cikin ruwa

A nan ne mafi yawan mutane ke yin kuskuren da ke jawo babbar asara, wato su yi ta buga kik ko danna sitata. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Idan ruwa ya cika silinda aka tilasta wa fistin ya hau, sandar da ke haɗa shi da karanshaf ce za ta lanƙwashe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: a turo babur ɗin zuwa tudu.

Daga nan a kwance fulogi, a rufe makunni da famfon fetur, a buga kik sau da yawa har ruwan ya gama fita ta ramin fulogin. A zubar da abin da ke ƙasan kabureta ta ƙusar da aka tanada domin haka, a duba tanki, domin shi ma ruwa a ƙasan fetur yake kwanciya. A shanya soson iska, idan na takarda ne a sauya shi. A ɗaga gaban babur don ruwan salansa ya zube. Kada a bari ya kwana biyu a haka, domin tsatsa ba ta jira.

Sannan a yi juye. Juye ɗaya ba ya isa, saboda ruwa kan maƙale a kuloci da lungunan giya. A zuba sabon mai, a tayar da injin na 'yan mintuna ba tare da an matsa masa ba, a sake juyewa. A maimaita har sai man ya fito da launinsa, a kuma wanke ragar tace mai. Wasu kan wanke ciki da kananzir ko man gas don rage kuɗi. Wannan araha ce mai tsada, domin ragowarsu na tsinka sabon man. A juye na ƙarshe a zuba man da littafin babur ɗin ya ambata. Alamar JASO MA a jikin gora tana nuna an yi man ne domin babur mai kuloci a cikin mai. Idan bayan duk wannan man ya sake yin fari, to akwai ƙofar da ruwa ke bi, kuma aikin ƙwararren makaniki ne ya gano ta.

Rigakafi

Ruwan da ya kai tsakiyar taya, ko ya kusa bakin salansa, ba na shiga ba ne. Jiran minti talatin ya fi zaman mako guda a gareji. A wurin wanki a toshe bakin salansa, a bari injin ya huce, a kuma hana fesa ruwa kai tsaye a kan akwatin iska. A sayi mai a rufe daga amintaccen dila, domin man da ake aunawa a buɗaɗɗen mazubi yana iya zuwa da nasa ruwan. Man da aka juye kuma kada a zuba shi a kwata, a tara shi a jarka.

Duk abin da aka faɗa a nan ya shafi masu adaidaita sahu, domin injinsu ɗan'uwan na babur ne. Ga wanda babur ne ƙafarsa zuwa kasuwa ko ofis, zaro geji kowace safiya a lokacin damina ba zai ci masa minti ɗaya ba.