Duwatsu Masu Aman Wuta Da Aikinsu A Bisa Ƙasa

Da yawa daga cikinmu muna zaton tudu da kwari haka suke tun fil azal, ba su sakewa. Alhali kuwa ba haka ba ne. Masana labarin ƙasa sun nuna cewa can cikin ƙasa akwai zafi mai tsanani, har a waɗansu wurare dutse yakan narke kamar dalma a kaskon maƙeri. Da yake narkakken dutsen bai kai na kewayensa nauyi ba, sai ya yi ta neman hanya sama. In ya sami tsaga, sai iskar da ke cikinsa ta tunkuɗo shi waje, kamar yadda tafasa takan ture murfin tukunya.

To, abin da ya fito ɗin nan shi ke gina ƙasa. Idan toka ce da tsakuwa, sai su taru a bakin ramin, su zama tsauni mai siffar malfa. A ƙasar Meksiko, cikin 1943, ƙasa ta tsage a gonar masarar wani manomi kusa da ƙauyen Parikutin. Kafin wutar ta lafa a 1952, tsaunin da ya tashi nan ya wuce ƙafa 1,300, aman nasa kuma ya binne ƙauyuka biyu. Idan kuwa abin ruwa-ruwa ne, sai ya malala, ya cike kwaruruka, ya daskare ya zama shimfiɗaɗɗen tudu. Haka tudun Biu ya samu a nan ƙasarmu.

Ko bayan wutar ta mutu aikin bai ƙare ba. Ruwan sama yakan taru a bakin ramin ya zama tafki, kamar tafkin Tila na ƙasar Biu. Wani lokaci kuma ruwa da iska su cinye jikin tsaunin a hankali, su bar dutsen da ya daskare a maƙogwaronsa tsaye shi kaɗai, watau irin Dutsen Wase. Baƙin dutsen nan kuma in ya rududduge yakan zama ƙasa mai albarka ƙwarai, shi ya sa manoma ba su gudun gindin irin waɗannan tsaunuka.

Amma fa zaman yana da haɗari. Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000. A 1986 kuma wata iska mai nauyi ta taso daga tafkin Niyos na Kamaru cikin dare, ta gangara kwaruruka, ta shaƙe mutum fiye da 1,700 da dabbobinsu.

Saboda haka mu da za mu koyar da yara, kada mu tsaya ga taswira kaɗai. Mu nemo baƙin dutse mai huda-huda, mu sa a hannun yaro, mu ce masa wannan ya taɓa gudana kamar kunu. Gani ya kori ji. Allah Ya ƙara mana fahimtar ikonsa, amin.