Tambayoyi Huɗu da Ɗalibin Likita ke Yi wa Cuta

Bayan ɗalibin likita ya gama nazarin jiki mai lafiya, sai ya shiga darasin fatoloji, wato ilimin sanin yadda cuta ke ɓata jiki. Bajamushe Rudolf Virchow ne ya kafa harsashinsa na zamani a 1858, inda ya nuna cewa cuta tana somawa ne daga ƙananan ƙwayoyin halittar da suka gina jiki. Ana koya wa ɗalibi ya yi wa kowace cuta tambayoyi huɗu: mene ne sanadinta, yaya take aiki, wane canji take bari a jiki, kuma me majinyaci ke ji?

Amosanin jini, wato sikila, misali ne da iyaye a Ƙofar Kaura da sauran unguwannin Katsina suka sani, domin sau da yawa shi ke kai yara Asibitin Koyarwa na Tarayya da tsakar dare.

Sanadinsa gado ne. A 1956 Vernon Ingram ya gano cewa bambanci ɗaya tak a ginin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, shi ne tushen matsalar. Idan oksijin ya ragu, sai wannan sinadari ya daskare, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. Likita James Herrick ne ya fara bayyana wannan siffa a Shikago a 1910, kuma ita ɗalibi ke gani a madubin likita.

Daga nan sauran amsoshi ke fitowa. Lafiyayyar ƙwaya tana rayuwa kimanin kwana 120, mai siffar lauje kuwa kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa jini ke ƙaranci, idanu su yi rawaya. Ƙwayoyin kan toshe ƙananan hanyoyin jini, nama ya rasa oksijin, ƙashi ya ɗauki zogi. Saifa ma takan lalace tun yaro yana ƙarami, garkuwarsa ta yi rauni.

To, me ya sa wannan gado ya yawaita a ƙasar Hausa? Binciken zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a Garki, cikin Jihar Jigawa ta yau, a shekarun 1970, ya ƙarfafa bayanin cewa yara masu AS sun fi masu AA tsira daga zazzaɓin.

Amfanin wannan ilimi ya wuce ɗakin karatu. Idan mai AS ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Don haka dokar da Jihar Kano ta kafa a 2024 ta wajabta gwajin jini kafin ɗaurin aure.