FOGARA: RUWAN DA KE TAFIYA A ƘARƘASHIN HAMADA

Yanzu da rani ya kama, manoman Sharabi da sauran ƙasar Bagudo sun koma fadama, kowa da injinsa da mesarsa. To, wannan mako za mu ba ku labarin waɗansu manoma na tsakiyar Sahara, waɗanda sai shekara ta fita ba su ga ruwan sama na kirki ba, amma suna noman dabino da alkama. Dabararsu ita ake kira fogara.

Ga yadda ake yinta. Masana ƙasa su nemi tudu inda ruwa ke kwance a ƙarƙashi, su haƙa uwar rijiya. Daga nan sai a jera rijiyoyi har zuwa kwarin da gonaki suke, a haɗa gindinsu da rami ɗaya mai ɗan gangara. Ta bakin rijiyoyin nan ake fid da ƙasa, ta nan kuma masu haƙa ke samun iska. In an gama, ruwa ya bi ramin da kansa dare da rana, ba guga, ba jigo, ba kuɗin mai, rana kuma ba ta shanye shi a hanya.

Galibin masana tarihi sun ce asalin aikin daga Farisa yake, watau Iran, shekaru wajen 3,000 da suka wuce. Can kanat suke ce masa. Na garin Gonabad tsawonsa ya kai mil 20, zurfin uwar rijiyarsa kusan ƙafa 1,000, har yau yana ba da ruwa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa guda 11 na ƙasar cikin kayan tarihin duniya.

Abin bai yi nisa da mu ba. Ayarin fataken Kano da Katsina na dā sun san Fazzan da Tuwat. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a Tuwat kabarinsa yake, cikin Aljeriya ta yau, ƙasar fogara. Kada kuma a manta, da yawa cikin waɗanda suka sha wahalar haƙa ramukan nan bayi ne da aka kai daga ƙasashen baƙar fata.

Amma abin da ya riƙe fogara shekaru aru-aru shi ne tsarin rabo. A bakin gari akwai dutse mai haƙora kamar matsefi, ana ce masa kasariya, shi ke raba ruwa zuwa magudanar kowane gida. Akwai kuma ma'aunin ruwa, mutum amintacce mai farantin tagulla mai huji-huji, shi ke auna rabon kowa a rubuta a littafi. Rabon nan ana gadonsa, ana sayar da shi. In yashi ya cike rami, duk mai rabo sai ya fito gayya ko ya biya a yi masa. A 2018 UNESCO ta ce wannan sana'a ta awon ruwa a Tuwat da Tidikelt tana bukatar ceto da gaggawa, don masu ita tsufa suke yi, samari ba su koyo.

Fogara ma tana mutuwa. Mutanen dā na Fazzan, da ake kira Garamanti, sun haƙa fiye da 500 kusa da birninsu Jarma. Ruwan da suke ɗiba tsohon ajiya ne wanda damina ba ta mayarwa, da ya ja ƙasa sai ramukan suka ƙafe, ƙarfin mulkinsu ya tafi. A Tuwat kuwa, tun da aka shiga haƙa rijiyoyin burtsatse masu inji, ruwa ya yi ƙasa, fogara da yawa sun bushe.

Mu nan ba ma bukatar fogara. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ga Kwara kusa, damina kuma na mayar wa fadama abin da aka ɗiba. Amma tun da shirin Fadama ya yaɗa ƙananan rijiyoyin bututu a shekarun 1990, kowa zuƙa yake yi gwargwadon man da ke tankinsa. In an ɗibi fiye da abin da damina ta zuba, rijiyar mai ƙaramin ƙarfi ita ke fara ƙafewa.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ku zaɓi mutum guda a kowace fadama ya riƙa auna zurfin ruwa da igiya kowane wata, malami ya rubuta. Ku shirya da Sarkin Noma a kan tazarar rijiya da rijiya. Ku yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, a bar na tsakar rana. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya, Jama'a. Allah ya ba mu rani mai albarka, amin.