Adon Harshe a Bakin Masu Mulki: Nazarin Kalaman Tattalin Arziki

Galibi a cikin waƙa ɗalibai suke neman adon harshe, alhali kuwa jawabin kasafin kuɗi ma cike yake da shi. Kalmar "tattali" kanta aro ce daga kulawar da ake yi wa jariri ko dabba ko ɗan abin da aka adana.

Mutuntarwa ita ce ta fi yawa, wato a ba abin da ba mutum ba halin mutum. Akan ce tattalin arziki ya "durƙushe", ko kuma za a "farfaɗo" da shi. Ba a farfaɗo da wanda bai suma ba. Ke nan an mai da arzikin ƙasa majinyaci, gwamnati kuwa ta zama likita. Daga nan sai a kira matakan da ta ɗauka "magani mai ɗaci", domin an san majinyaci ba ya gardama da mai ba shi magani. Da irin wannan harshe aka tallata shirin gyaran tattalin arziki na SAP, wanda gwamnatin Janar Babangida ta ƙaddamar a 1986.

A wannan shekara aka buɗe kasuwar musayar kuɗi ta biyu, darajar Naira ta ragu ƙwarai. Amma abin da ya zauna a bakin jama'a shi ne "Naira ta faɗi", sai ka ce tuntuɓe ta yi a hanya. Jimlar ba ta nuna wanda ya ture ta ba. A nan adon ya daina ƙawata zance, ya koma sakaya mai aikatawa.

Haka abin yake ga "tsuke bakin aljihu", wanda ya yi tashe a 1982 lokacin da kuɗin man fetur ya ja baya a zamanin Shehu Shagari. Siffantawa ce mai daɗin ji, sai dai ta ɗauka cewa kowane aljihu akwai abin tsukewa a cikinsa.

Talakawa ma suna da nasu. Da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, lita ta haura Naira 500 a Kano daga ƙasa da 200, sai aka ce farashi ya yi "tashin gwauron zabo". Wannan dabbantarwa ce, an kamanta farashi da zabon da ya firgita ya tashi farat ɗaya, ba tare da wanda ke ƙasa ya san inda zai sauka ba.