Lambar Q95 da Matar da Ake Ɗora wa Laifin Ɓari

Idan mace ta yi ɓari sau uku a jere a ƙasar Katagum, kafin ta isa asibitin tarayya na Azare daga Gamawa ko Shira, dangin miji sun riga sun yanke hukunci: mahaifarta ba ta riƙe ciki, ko kuma iska ce. Kundin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka amince da shi a 1990, ya ba kowace lalura lamba, kuma ta yawan ɓari ita ce N96. A katin matar ake rubuta ta. Amma a cikin kundin akwai wata lamba, Q95, wadda a ganina ya kamata a san da ita a nan, domin tana iya faɗawa kan mijin.

Ɗan Adam yana da zaren gado guda 46 da likitoci ke kira kuromosom, rabi daga uwa, rabi daga uba. Wani lokaci guntun wani zare yakan ɓalle ya yi musayar wuri da guntun wani, ba tare da komai ya ɓace ko ya ƙaru ba. Kamar an zuba gero a buhun dawa, dawa a buhun gero: hatsin gidan yana nan cif. Mai wannan yanayi, wanda ake ba lambar Q95, lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana cin kasuwa, shi ya sa Q95.0 ta ambace shi da mai lafiya. Sai wajen haihuwa matsalar ke fitowa, don rabi kawai yake miƙa wa ɗa, kuma rabin na iya zuwa da ragi ko ƙari, cikin ya zube. Kusan mutum 1 cikin 500 yana ɗauke da irin wannan, kuma ana samun sa a kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na ma'auratan da ɓari ya addaba. Gwajin jinotayif na kafin aure ba ya gano shi. Sikila yake nema.

Za a ce zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini sun fi kashe masu ciki, gwajin kuromosom kuwa yana da tsada. Gaskiya ne, kuma ba a rubuta Q95 sai gwaji ya tabbatar. Sai dai abin da ba a rubuta ba, ba a ƙirga shi, wanda ba a ƙirga ba kuwa ba ya shiga kasafin kuɗi. Za a kuma ce ba a iya gyara zaren gado, to mene ne amfanin sani? Amfaninsa babba ne: da yawa daga cikin irin waɗannan ma'aurata suna samun lafiyayyun 'ya'ya daga baya, kuma sanin dalili yana iya hana a saki mace kan abin da ba nata ba.

Tun 2021 Azare take da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya. Ya kamata ta koya wa ɗalibanta cewa duk matar da ta zo da yawan ɓari, a kira mijinta shi ma a buɗe masa kati.