MOTAR DIZAL MAI SHAN BAƘIN MAI: A BINCIKA KAFIN A SAUKE INJI

Duk wanda ya san garejin bakanikai a Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko kuwa Sabo a Badun, ya san irin amsar da ake ba mai motar dizal idan ya zo da kukan motarsa tana shan baƙin mai. Kafin ya rufe baki sai a ce masa, "Alhaji, ai rin ne ya tafi, sai an sauke inji." Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa ko geji ba a zaro ba aka yanke hukuncin. Sauke inji kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne ga ɗan Arewa mai neman abinci a Kurmi, wanda motar nan ita ce jarinsa, da ita yake ɗaukar kaya daga kasuwar Mile 12, da ita kuma yake zuwa gida da Salla. Aikin na iya cinye ribar watanni, alhali mai yiwuwa abin da ya lalace bai wuce tiyo ɗaya ko sili ɗaya ba.

Da farko dai ya kamata a san cewa babu injin da ba ya shan mai ko kaɗan. Idan mota tana gudu, fistin yana hawa da sauka a cikin silinda sau dubu biyu ko fiye a minti guda, kuma kowace sauka sai ya bar ɗan laushin mai a bangon silinda, wuta ta lashe. A injin dizal abin ya fi tsanani, domin shi ba shi da filogi mai tartsatsi irin na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafin da man gas zai kama da kansa da zarar nozil ta fesa shi. Injin fetur yakan matse iskarsa kamar ninki 10, shi kuwa na dizal daga ninki 15 har sama da 20. Watau rin ɗin dizal yana ɗauke da nauyin da na fetur bai san da shi ba. Kamfanin Volkswagen, alal misali, ya rubuta a littattafan motocinsa cewa inji na iya shan har rabin lita a kilomita 1,000 ba tare da an ce ya lalace ba. Kilomita 1,000 kuwa kusan tafiyar Ikko zuwa Kano ke nan. Wanda ya yi wannan tafiya ya tarar geji ya ɗan sauka, ba shi da dalilin tayar da hankali. Wanda kuwa sai ya tsaya a Ilori ya ƙara, ya sake ƙarawa a Kaduna, to, lallai akwai magana.

AWO KAFIN MAGANI

Akasarin masu mota ba su san yawan man da motarsu ke sha ba, sai dai su ce "tana sha ƙwarai". Bakanike nagari ba ya aiki da wannan. A ajiye mota a wuri shimfiɗaɗɗe, a kashe ta, a jira kamar minti 10 mai ya gangaro, sa'an nan a zaro geji a goge, a mayar, a sake zarowa. A cika mai daidai alamar sama, a rubuta lambar kilomita a takarda. Bayan kilomita 500 ko 1,000 a sake aunawa a wuri ɗaya. A motoci da yawa, tsakanin alamar ƙasa da ta sama kimanin lita ɗaya ce, saboda haka lissafin ba shi da wuya.

Akwai yaran gareji masu ganin cewa yawan mai ba ya ɓata miya, sai su zuba har ya wuce alama. A inji yana ɓatawa. Karankishaf zai riƙa kaɗa shi ya yi kumfa, inji kuma ya amayar da rarar ta bututun numfashi, mai mota ya ga hayaƙi ya zaci rin ne. Haka nan baƙin da man dizal ke yi kwana biyu bayan juye ba alamar lalacewa ba ce, kunkunniyar gas ce man ya kwashe, aikinsa ke nan. Ita kuwa jar fitilar nan mai kamar buta, ba yawan mai take nunawa ba, ƙarfin tura shi take nunawa. Idan ta kama ana cikin tafiya, sai a tsaya a kashe nan take. Mai cewa bari ya lallaɓa ya kai gareji, sau da yawa kafin ya kai inji ya buga.

Mai ba ya ɓacewa kamar aljani. Ko dai ya zuba ƙasa, ko ya shiga ruwan lagireto, ko kuma ya ƙone ya fita ta salansa. Yoyo shi ne mafi sauƙin kamawa, shi kuma aka fi rainawa. A wanke inji tas, a yi tafiyar yini ɗaya, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa ya kwana. Motocin tokumbo da yawa suna da murfin roba a ƙasa wanda ke tare ɗigon, sai an cire shi a ga ɓarnar. A duba gaskit na murfin bawul, da silin gaba da na bayan karankishaf, da gindin filta, da notin juye.

Sa'an nan a bar inji ya huce sarai a buɗe lagireto. Idan aka ga abu mai kauri kamar kunun gyaɗa yana yawo, mai ya shiga ruwa. Nan da nan za a ce gaskit ɗin tof silinda ya ƙone, amma a motar dizal a fara tuhumar 'yar na'urar nan mai sanyaya mai, wadda galibi take kusa da filta. Mai da ruwa suna wucewa ta cikinta kafaɗa da kafaɗa, idan ta huje kuwa man ne ke kutsawa cikin ruwa domin ya fi ƙarfi. Canja ta aikin 'yan sa'o'i ne.

Hayaƙi ma yana magana. Shuɗi-shuɗi mai ƙaurin mai, baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙi ƙirin, gas ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari mai yaji a ido, gas ne da bai ƙone ba, fari mai kamar tururi kuwa ruwa ne. Idan shuɗin yana fitowa da safe kawai, ko bayan mota ta daɗe tsaye a gosulo, sa'an nan ya washe, to silin bawul ne ake zato.

TARBO DA HAƊARINSA

Tsofaffin Marsandi irin 200D da 240D ba su da tarbo, amma motocin dizal na zamani kusan duk suna da shi, kuma shi ne ɓarawon man da aka fi yi wa kuskuren suna. Hayaƙin salansa ne ke juya shi, yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, man inji kuma shi ke sanyaya shi ya hana shi cin ƙarfe. Idan sandarsa ta fara lilo, mai yana tsallakawa cikin bututun iska, inji ya shaƙe shi tare da iskar. A kwance babban tiyon da ya fito daga tarbo a duba. Ɗan laushin mai a ciki ba laifi ba ne, amma idan ya taru har yana zuba, akwai matsala. Da inji a kashe, a sa yatsa a girgiza sandar. Idan tana motsi gaba da baya, ko fukafukanta sun goge bango, tarbo ya tafi.

Amma a yi hattara, lafiyayyen tarbo ma yana zubar da mai. Idan filtar iska ta toshe, tarbo yana zuƙa bai sami iska ba, sai ya zuƙo mai. Idan bututun da ke mayar da mai daga tarbo zuwa gindin inji ya cushe da dauɗa, ko bututun numfashin inji ya toshe, man ba shi da hanyar komawa. Wanda ya sayi sabon tarbo bai gyara waɗannan ba, sabon ma haka zai yi.

A nan ne babban haɗarin yake, wanda ya kamata kowane direban dizal ya sani. Injin dizal yana iya cin baƙin mai kamar yadda yake cin gas. Idan man da ke shiga bututun iska ya yi yawa, sai inji ya ɗauki gudu da kansa, yana ruri, hayaƙi ya turnuƙe titi. A murɗa makulli a zare, ba zai mutu ba, domin ba daga tanki yake sha ba. Haka zai yi ta yi har man ya ƙare ko ƙarfe ya fasa bulok ya fito. Idan motar mai giyar hannu ce, a taka birki da ƙarfi, a ja na hannu, a sa babbar giya a saki kuloci, inji ya shaƙe. In ba haka ba sai a toshe bakin shigar iska da katako ko wani abu mai tauri, ko a fesa masa abin kashe gobara mai iskar CO2. Kada a kuskura a sa tafin hannu. Idan abin ya gagara, fasinja su fita kowa ya yi nisa.

Sai an wanke duk waɗannan daga zargi sa'an nan a zo kan rin. Gwajin da aka saba shi ne a kwance murfin zuba mai, inji yana aiki a hankali, a ɗora shi a bakin ba tare da an ɗaure ba. Idan yana ɗan rawa a wurinsa, da sauƙi. Idan iska tana cilla shi, hayaƙi yana fitowa kamar bakin tukunya, matsi yana wuce rin. Wannan alama ce kawai. Hujja ita ce a auna matsin kowace silinda da agogon awo na dizal, a rubuta, a gwada da abin da kamfani ya faɗa. Dabarar nan ta zuba mai a silinda a sake aunawa, ta injin fetur ce. A dizal man na iya kamawa da wuta.

Akwai kuma mai motar da ke murna wai tasa ba ta shan mai, har ƙaruwa ma yake yi a geji. Wannan ba abin murna ba ne, gas ne ke gangarawa cikin mai yana tsinka shi. Ko dai nozil tana ɗiga, ko kuma matatar hayaƙi ce. Motocin dizal da aka yi wa Turai tun daga wajejen 2009 suna da wannan matata a salansa, wadda ke ƙone kunkunniyar da ta tara idan mota ta sami doguwar tafiya. Don yin haka inji yana fesa ƙarin gas. Motar da kullum tana rarrafe tsakanin Oshodi da Apapa ba ta samun sarari ta gama, sai rarar gas ta bi bangon silinda ta sauka. A sunsuna geji, warin gas ba ya ɓuya. Matatar kuma tana ɓoye hayaƙi, saboda haka rashin ganin shuɗi bai wanke inji ba.

Me ke cinye rin tun lokacinsa bai yi ba? Ƙura ce kan gaba. Motar da ta je Arewa da hunturu ta dawo, filtarta ta sha jar ƙasa, sai a kai wa mai faci ya hura ta da iska mai ƙarfi, takardar ta huje, ƙura ta riƙa shiga tana goge silinda kamar dutsen wasa wuƙa. A Kurmi kuma ga ruwan damina, filta ta jiƙe ta narke, in ma ruwan ya kai cikin silinda sai sandar fistin ta lanƙwashe. Ga kuma gas ɗin kansa. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto kan ƙazamin dizal da ake kawowa Afirka. A lokacin dokar Nijeriya ta yarda da farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Turai ta tsaya a kashi 10 tun 2009. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50. Farar wuta tana zama guba mai cin ƙarfe a cikin mai, tsofaffin motocin da ke kan titi kuwa sun sha ta shekaru. Na ƙarshe shi ne man kwalba na bakin titi wanda ba a san asalinsa ba. Man dizal yana da harafin C bayan API a jikin galan, na fetur S, mota mai matatar hayaƙi kuma tana da nata mai ƙarancin toka.

Bakanikan yau suna jona kwamfuta, abu ne mai kyau, amma kwamfuta ba ta ganin mai. Lamba P0299 tana nufin iskar tarbo ta gaza, ba ta ce tarbo ya mutu ba, tsagaggen tiyo ma yana kawo ta. P0401 tana nufin bawul mai mayar da hayaƙi cikin inji ba ya wucewa da shi sosai, galibi kunkunniya da mai ne suka cushe shi. Goge lamba ba gyara ba ne.

Idan awo ya tabbatar sai an sauke inji, mai mota ya tsaya a auna faɗin silinda a gabansa. Sabon rin a cikin silindar da ta riga ta ci ta buɗe, bayan 'yan watanni hayaƙi zai dawo, sai an sa sulib ko an rarake an sa fistin mai girma. A wanke tiyoyin iska da na'urar sanyaya iskar tarbo daga tsohon mai kafin a tayar, a gwada nozil ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuma ya zaɓi sayen injin tokumbo a Ladipo, ya tafi da bakanikensa, a buɗe murfin bawul a ga dauɗar ciki, a juya inji da sifana a ji matsinsa, a kuma rubuta a rasit kwana nawa aka ba shi na gwaji.